Barcin Ɓeraye da Tambayar Kakata

Shekarun baya, ina saurayi mai ji da kansa, aka tura ni ƙasar Faransa koyon aikin ɗakin gwaji. Ranar da zan bar Filinge har tasha aka raka ni, kowa na cewa ga likita zai tafi. Da na isa, sai aka miƙa mini fararen ɓeraye. Aikina shi ne in sa su barci da magani, in ɗiga musu ƙwayar cutar mura a hanci, kullum da safe in auna su in ga wanda ya rame. Likita ke nan!

Lokacin babu wayar hannu, kaset muke ɗauka mu ba mai zuwa gida. Na zauna na cika fuska guda ta kaset da bayanin aikina, har da maƙale murya irin ta mutanen rediyo. Bayan wata biyu amsa ta zo. Ina kunnawa dariya ta tarbe ni. Mu a yankinmu na Kurfai kusu muke ce wa ɓera, in suna da yawa mu ce kusa, to kawuna ne ya fara: "Kai, kusun da ke cikin rumbuna bai ishe ka ba, sai ka hau jirgi?" Matan gida suna ta shewa a bayansa.

Da hayaniya ta lafa sai na ji muryar kakata, wadda ta haifi babana. Ita ba ta yi dariya ba. Ko "mijina" da ta saba tsokanata da shi ba ta ce ba.

Ta ce, "Ɗan nan, saurara. Shekarar babbar mura, nasara bai daɗe da zama Filinge ba, ina ƴar yarinya. Maza an kwashe su aikin dole na kumandan, nasaran da ke mulkin gari, waɗanda sunka rage suna ta ginar kushewa. Ƙanwata ta kamu. Innarmu za ta rijiya, ta ce mini, ki zaunar da ita ki yi ta yi mata hira, kada ki bari ta yi barci, murar ga cikin barci take sauka ƙirji. Ni ko na ga tana wahala, kanta na rinjaya, sai na kwantar da ita bisa cinyata. Inna ta dawo da tulu ta iske ta tafi. Har Inna ta bar duniya ba ta ce mini komi ba. To kai da kake sa kusa barci kana ba su mura, tambayar mini nasaranka: barcin nan ne ya kashe ta?"

Wallahi matar nan a ɗakinta na tashi, amma ban taɓa sanin ta yi ƙanwa ba.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne abin da nake gani da idona. Ɓeran da magani ya kai shi barci mai nauyi, yakan shaƙe ɗigon har huhu, ya rame, gashinsa ya tashi, wani ma ba ya tashi. Wanda barcinsa bai yi nisa ba kuwa atishawa yake yi ya fyato rabi, murar ta tsaya masa a hanci, kwana kaɗan ya ware. A ƙaramin tunanina, amsar kakata ita ce e. Yaya zan buɗe baki in gaya wa tsohuwa haka? Na cusa kaset ɗin ƙarƙashin kayana. Wani ɗan Bonkuku, garin da ke kusa da namu, ya zo yi mini sallama zai tafi gida, na ce masa ba ni da saƙo.

Sati uku ina haɗiye abin, sai shugabar ɗakin gwajinmu, wata tsohuwar likita mai faɗa, ta tsare ni ta ce me ya sa na koma kurma. Na fassara mata maganar kakata kaf. Ta cire tabarau ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Wata nawa kana nan ba ka gane aikinka ba? Namu barcin magani ne, kuma a daidai lokacin da ake ɗiga cutar, shi ya sa ba sa iya fyato ta. Ita yarinyar cuta ta riga ta cika mata huhu. Ƙarfinta ne ya ƙare, shi ya kawo barcin. Ko a tsaye aka riƙe ta, tafiya za ta yi. Je ka gaya wa kakarka yau."

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Ran nan na ɗauki kaset, babu sauran muryar rediyo. Amma mai tafiya ya riga ya tafi, sai da na ƙara wata guda kafin in sami wani, daga Yamai kuma kaset ɗin ya jira motar ƴan kasuwar Balayara.

Mahaifiyata ce ta ba ni sauran labarin bayan na dawo. Da hantsi aka kunna wa kakata a gindin bishiyar bedi. Da ya ƙare ta ce, "Mayar mini wurin da ya ce ba ni ba ce." Aka mayar. Ta ce a sake. Sau uku. Sannan ta goge fuska da bakin zanenta ta ce, "Ashe kusu ke riƙe da maganata tun zamanin kumandan." Ranar ta faɗi sunan ƙanwar, sunan da ko babana bai taɓa ji ba. Kafin a cire gero a shekarar Allah ya karɓi abarsa, ni ina can ina auna ɓeraye.

Na koyi cewa rabin sani ya fi rashin sani cutarwa, don shi ne ya rufe mini baki sati uku, ya ƙara wa tsohuwa kwanaki a kan kayan da ta ɗauko tun tana yarinya. Na gode Allah da saƙon ya iske ta da rai. Amma har yau in na je gida na zauna gindin bedin nan, kewarta nake ji har ƙirjina. Kowa a gidan ya ga fuskarta ranar, har da kawuna mai dariya. Ni da na ba ta amsar, ni kaɗai ne ban gani ba.