Maganar Sama

Iya, kakata ta wajen uba, ba ta taɓa yi mana tatsuniya da sauran ƙarfi a jikinta ba. Wuni take tana tuyar ƙuli-ƙuli, ta ɗora tulun man gyaɗa a ka, ta taka daga gidanmu na Fagge har kasuwar Sabon Gari, ta dawo ƙafafu a kumbure. In an ci tuwo bayan magariba sai ta jawo 'yar kujerarta gaban murhu tana gasa gwiwoyinta da ragowar garwashi, mu kuma mu kewaye ta kamar kaji sun ga tsaba. "Ga ta nan," in ji ta, "in kuna so. In ba kwa so, tabarmata na kirana." Sau da yawa barci ke sace ta a tsakiyar labari, in mun taɓa ta ta farka, sai ta ɗora daga wata tatsuniyar daban.

Shekarar da na shiga aji uku aka fara mana Turanci. Malamarmu Mis Rosa 'yar kudu ce, daga Sabon Gari take zuwa, Hausarta kuwa ta cefane ce kawai. Ta koya mana "up" da yatsa a sama, "down" da yatsa a ƙasa, na riƙe wannan gam. A gidanmu kuwa yarinya in tana gaban babba sunkuyar da kai take yi, muryarta ba ta wuce gwiwarta. To duk sanda Mis ta yi mini tambaya, ga amsa a bakina, amma ba mai ji sai ni. Sai ta bugi tebur ta ce, "Asabe, speak up!" Ni kuma in ɗaga kai in kalli rufin kwano, in gaya masa amsar a hankali, tunda sama aka ce. 'Yan aji su kwashe da dariya. Mis ta ɗauka shaƙiyanci ne. Da ta gaji, ta aika wa Baba cewa in ba zan gyaru ba, gara a ba wata yarinyar wurina.

Baba tela ne a bakin kantunan Kwari, shi ma a gajiye yake dawowa, ba shi da ƙarfin bin diddigi. Ya ce shi ke nan, in an yi hutu ba zan koma ba, in zauna in taya Iya tuya. Na yi kuka har na gode Allah, domin ina son makarantar nan, kuma na san ni ba daƙiƙiya ba ce.

Duk wannan a kunnen Iya aka yi. Baba ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In tana da magana da shi sai ta aike mu, "Ku gaya wa mai keken nan tuwonsa na hucewa," ko da yana zaune a gefenta. Ni kaɗai ta ja gefe ta ce, "Wai me matar take ce miki?" Na maimaita mata. Ta juya kalmar a bakinta, ta fito da "sifikof", ta ɗaure ta a ranta ta tafi da ita kasuwa.

Da yammacin nan ba ta jira mun roƙe ta ba. Ta ce an yi wata 'yar akuya mai kunya, wadda ba a taɓa jin kukanta ba. Wata rana ta faɗa tsohuwar rijiya. Ta sunkuyar da kai yadda ta saba, tana kira a hankali, muryar na shigewa laka. Kwaɗon da ke ciki ya ce, "Ke, masu guga ai a sama suke." Sai ta miƙa wuya sama ta ci gaba da raɗa. Kwaɗo ya ce, "Ni ban ce ki yi wa gajimare gulma ba. Murya za ki ɗaga, ba wuya ba." Ta ce, "Ai da manya a waje, ina jin nauyi." Kwaɗo ya ce, "To zauna. Ni ma da haka na zama ɗan rijiya." Da jin haka ta buɗe maƙogwaro ta ƙwala ihu, wata mai ɗiban ruwa ta leƙo, aka fid da ita.

Iya ta tura itace cikin wuta ta dube ni. "Na tambayi Maman Cika mai manja. Ta ce sifikof ɗin nan ba ruwansa da rufin ɗaki. Ɗaga murya ake nufi, yadda na nesa zai ji. Ashe mu da Turawan ɗaya muke, mu ma ɗagawa muke cewa. Wuyanki kawai kika wahalar."

Daidai nan Baba ya fito zai tafi masallaci, ya ji ƙarshen zancen. Ya ce, "Iya, ai an gama wannan magana."

"Sule!"

Ludayi ya suɓuce daga hannun mahaifiyata. Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakin Iya ba, shi ma mai sunan haka. Iya ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, muryarta har zaure. "Yarinyar nan za ta koma makaranta. Tuyata ba ta neman mataimaki, ni kaɗai na ishe ta ci." Baba na tsaye da buta a hannu ya ce, "To, Iya." Ita kuma ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar ta ce, "Tatsuniya ta ƙare, ni ma na ƙare." Har ta koma ga Allah ba ta sake kiran sunansa ba.

Washegari da Mis ta yi tambaya na ba ta amsa da ƙarfin da sai da alli ya faɗi daga hannunta. Ba a ba kowa wurina ba.

Sai da na je kwalejin horon malamai na gane cewa in an ƙara wa "speak up" kalmar "for", ma'anarta ta koma tsaya wa wani, ka yi magana a madadin wanda ba a jin tasa. Nan take na tuna Iya, wadda ba ta san ko harafi ɗaya ba, da irin abin da kiran sunan nan ya ci mata. Na ƙare ƙuruciyata a gaban allo ina faɗa wa 'yan mata masu sunkuyar da kai wannan kalma har maƙogwarona ya dushe. Wasu sun ɗaga, wasu da yawa ba su da kakar da za ta kira sunan ɗanta saboda su. Gaskiya na gaji, kuma gwiwoyina yanzu irin na Iya ne.

Kunnena ma ya yi nauyi. In jikata ta durƙusa tana gaishe ni ƙasa-ƙasa, sai in ce mata, "Sifikof." Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ba haka ake faɗa ba!" Na fi ta sanin yadda ake faɗa. Ina barinta ta gyara mini ne, domin in tana gyara ni da ƙarfi take magana.