Kifin Teku Huɗu a Bayan Motar Issaka

Lanham

Gari bai waye ba na ji hon ɗin motar Issaka a ƙasan benen da nake haya a Lanham. Na sallame salla, na sa takalmi, na sauka. Ku 'yan'uwana na Yauri da kuke damuna a waya in ba ku labarin Amurka, to ga shi. Ba labarin dala ba ne, don ni dai ban ga dalar ba. Labarin kifi ne.

'Yata Hadiza kun san ta a hoto. Tun da muka rabu da uwarta, a hannun uwar ta girma, can Germantown. Ta zama nas, ta yi aure, aka ba ni kujera a wurin biki kamar kowane baƙo, masu digiri suka yi ta jawabi. Tsakanina da ita gaisuwar sallah ce kawai. Sai ran nan ta kira ni, wai za ta tare a gidan mijinta a Fort Washington, masu kwasar kaya sun ce ba sa ɗaukar abu mai rai, mijin kuma aiki ya kai shi wata jiha. Ta ce, "Baba, an ce kai ɗan masunta ne. Za ka kai mini kifayena?" Tun da ta yi wayo ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan. Na kuma sani, in kifin nan suka mutu a hannuna, wayar ba za ta sake shigowa ba.

Issaka mutumin Kumasi ne. Tare muka yi shekaru muna tuƙin tasi, yanzu yana da tsohuwar motar kaya da ake ji tun daga layi na uku. Ina shiga ya miƙo mini shinkafa da wake irin tasu, wadda suke dafawa da karan dafi har ta yi ja.

"Sarkin ruwa!" ya ce. "Cale, abokina, yau akwai miyar kifi."

"Ka taɓa ko ɗaya, a ƙafa za ka koma Kumasi."

Muka hau babban titin da ya zagaye Washington, daga nan muka kama titi mai lamba 270 muka yi arewa. A hanyar nan ba shinge, ba katako mai ƙusa, ba mai ce maka a ba yara na ruwa. Amma kada ku yi murna. Kyamara ce ke ɗaukar lambarka shiru, bayan mako biyu a aiko maka da gaisuwar tara har gida.

Germantown

Rana na fitowa muka isa. Hadiza ta rusuna ta gaishe ni, ta gaishe da Issaka da "Kawu", sannan ta koma Turancinta. Abin da za ku ji ta faɗa, ni na mayar muku da shi Hausa.

Falon babu komai sai tankin gilashi mai tsawon kwalekwalen yara, da wani ƙarami a gefe. Jama'a, na taso a bakin Kwara, na san giwan ruwa da ragon ruwa da kurungu da karfasa, na san harbin minjirya. Ban taɓa ganin kifi mai launin atamfa ba sai ranar. A cikin tankin akwai duwatsu masu rassa. Ta ce murjani ke nan, dangin wanda iyayenmu mata ke sa wa a wuya, kuma yana da rai, yana girma a tekunan da ke da ɗumi. Ruwan ma na gishiri ne, ita ke haɗa shi da ma'auni kamar magani.

Ta shiga gabatar mini da su kamar masu sarauta. Sunayensu ba sa zama a bakina, sai na raɗa musu nawa. Akwai wasu biyu masu launin lemo da ɗamara fara uku, suna tafiya suna rangaji, na ce waɗannan 'yan kama ne. Ta ce asalinsu Tekun Indiya da Pasifik, wajen Indonesiya, ba a samunsu ko kaɗan a tekun Amurka ta gabas.

"Amma waɗannan a tanki aka haife su, a Florida. Ba su taɓa ganin teku ba."

"Kamar ke da Yauri ke nan," na ce. Ta yi dariya. Na daɗe ban ji dariyar nan ba.

Akwai wani rawaya shar, faffaɗa kamar faifai, ɗan tsibirin Hawayi. Ta nuna mini wata 'yar fara a gindin wutsiyarsa, ta ce aska ce. Na ce to wannan Wanzami. Kusa da shi wani mai irin ƙirarsa sak, amma shuɗi mai duhu da wutsiya rawaya. Wannan daga Tekun Maliya yake, ruwan da alhazai ke hangowa a Jidda. Ta ce shi ta fi so, shi ta fara saya da albashinta na farko. Issaka ya cire hula.

"Alhaji, barka da sauka!"

Sai wani ɗan mitsitsi, rabinsa shuɗi rabinsa rawaya kamar an tsoma shi a marina biyu, yana leƙowa daga rami. Shi kaɗai ne ɗan wannan gefen, daga Karibiyan. A ƙaramin tankin kuwa wani mai gezar ƙayoyi ne zaune shi kaɗai kamar mai jiran a kawo masa ƙara. Ta ce kifin zaki ke nan, ƙayarsa da dafi, duk ƙaramin kifin da ya shiga bakinsa ya tafi. Gidansu Tekun Indiya da Pasifik, amma wasu sun sako irinsa a tekun Florida, yanzu ya cika Karibiyan yana cinye 'yan gari.

"Shi ya samu takardar zama," in ji Issaka. "Ni shekara goma na yi ina nema."

Na tambaye ta ko teku na da talibamban irin namu mai kumburi. Ta ce ƙwarai, duk tekun murjani akwai danginsa. Akwai ma mai baki irin na aku, yana gwaguyar murjani yana kasayar da farin yashi. Wannan kam ban yarda ba.

Muka kwashe ruwa muka zuba a bokitai biyar, kowane da murfi da ɗan famfon iska mai batir. Ta ɗauko raga tana ta bin Wanzami ya ƙi kamuwa, na karɓa, sau ɗaya na kai hannu. Ta ce, "Baba, kowa bokitinsa. Kada a ƙara musu ruwan sha." Ita ta ɗauki murjani da jarkokin ruwan gishiri a motarta ta yi gaba don ta shirya wuri, mu muka biyo da tanki da kifi.

Kan hanya

Na'urar sanyin motar Issaka ta mutu tun zamanin da. Na zauna a baya tsakanin bokitai, na lulluɓe su da jiƙaƙƙen bargo yadda muke yi wa tulu. Tafiya ta yi daɗi har muka wuce Rockville. Issaka na waƙar Kumasi, ni ina ce masa ya tausaya wa kifi.

Wajen da 270 ke haɗuwa da babban titi akwai gosulo. Wani mai jar mota ya shigo gabanmu ba sigina, Issaka ya take birki da ƙarfinsa. Ƙafar tankin ta zame ta daki bokitin Alhaji. Na ji ruwa a cikin takalmina. Bokitin ya tsage daga ƙasa, ruwa na tsiyaya, bayan Alhaji har ya fara fitowa waje.

Ruwan gishirin duk yana motar Hadiza. Dole in sauke Alhaji a gidan wani. Wajen kifin zaki ba a magana. Bokitin ɗan Karibiyan ƙarami ne. Ya rage 'yan kama ko Wanzami.

"Ka kira yarinyar," in ji Issaka.

"In ce mata me? Tun ba mu yi rabin hanya ba na fasa bokiti?"

Na dubi Alhaji, na dubi Wanzami. Baki ɗaya, ƙira ɗaya, riga ce kawai ta bambanta. A gida karfasa da karfasa muke haɗawa, kurungu da kurungu. Issaka ma ya ce a zangon Kumasi in baƙo ya sauka, gidan ɗan'uwansa ake kai shi. Na kwaso Alhaji da tafin hannu na saka shi wurin Wanzami, na rufe, muka ci gaba ina jin na yi dabara.

Ba mu yi nisa ba na ji fat, fat, kamar ana mari a ɗaki. Na ɗaga murfi. Wanzami ya yi duhu, ya buɗe fiffike yana zagaye Alhaji yana kai masa wutsiya. Alhaji ya maƙale a gefe, da farin zane a haƙarƙarinsa.

"Tsaya! Issaka tsaya!"

Ya gangara gefen titi. Ragar kamun tana motar Hadiza, sai na zura hannu na shiga tsakani. Wanzami ya yi mini aikinsa a ɗan yatsa, tsaf, ko zafi ban ji ba sai jini. Na ciro Alhaji na riƙe shi a murfin bokiti da ɗan ruwa. A nan na ga girman kai ba zai yi ba, na ce Issaka ya danna mini lambarta.

Na faɗa mata komai, ban rage ba. Sai ta tambaye ni:

"Yana numfashi?"

"Yana yi."

"Ka sa shi wurin 'yan kama, ba ruwansu da shi. Baba, waɗancan biyun don suna kama da juna ne suke faɗa. Abinci ɗaya suke ci, kowa na ganin ɗayan ya zo ƙwace masa gona. A tanki kowa da kusurwarsa, amma a bokiti sai kisa."

"To ai kamar 'yan ƙungiyarmu ta Hausawan Lanham ke nan," na ce. Issaka ya shaƙe da dariya, ita ba ta yi ba.

Ina cikin sauke Alhaji sai ga wuta ja da shuɗiya a bayanmu. Issaka ya ɗora hannu biyu a sitiyari yana salati. Ɗan sandan ya zo ya ga baƙin mutum jiƙe sharkaf, hannu da jini, a bayan motar kaya. Ya ce me ke faruwa? Na ce masa kifi ne ya yanke ni. Ya kalle ni. Na ɗaga murfin. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce matarsa ta hana shi sayen irin rawayan nan. Ya ba ni filasta, ya tsaya da wutarsa har muka ɗaure tankin da igiya muka hau titi.

Fort Washington

Sauran hanyar Issaka ya yi ta kamar mai ɗauke da ƙwai, manyan motoci na yi mana hon. Muka wuce mahaɗar Lanham, muka sauka kan titi mai lamba 210. Ni dai idona na kan Alhaji, in ya karkata zuciyata ta karkata.

Kafin azahar muka isa. Unguwa ce mai itatuwa, ana hango kogin Potomac ta tsakanin gidaje. Hadiza na tsaye a ƙofa. Ta wuce ta ɗaga murfin 'yan kama ta haska da waya. Alhaji ya juyo ya miƙe. Ta ce yankan bai shiga ba, zai warke. Sannan ta kamo hannuna ta ɓare filastar, ta wanke yatsan, ta ɗaure yadda suke yi a asibiti.

"Da hannunka ka raba su?"

"To da ƙafa zan raba su?"

Muka kafa tanki, muka jera murjani, ta sake su ɗaya bayan ɗaya, Wanzami a ƙarshe don hukunci. Duk shida suna iyo. Ta dafa mana taliya da kaza, Issaka ya ce shi an yi masa alkawarin kifi. Da za mu tafi ta raka ni mota, ta sa mini makulli a hannu. Ta ce watan gobe za su je Kano gaida dangin mijinta, mako uku, kuma ba ta yarda maƙwabta su ciyar mata da kifin ba.

"Sau ɗaya a rana, Baba. Kaɗan. Ba yadda ake ba tarwaɗa ba."

Na ce zan duba ko ina da lokaci. Lokaci kuwa shi ne abin da na fi kowa.

Lanham

Bayan la'asar Issaka ya sauke ni, takalmina na warin teku. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Issaka, duk da birkinsa. Na gode wa ɗan sandan da ban san sunansa ba. Wanzami kuwa ban gode masa ba, amma watan gobe daga hannuna zai ci abinci.