Irin Tumatirin da Goggo Velika Ta Ƙi Bari Ya Mutu

Kafin ƙararrawar coci ta kaɗa, Goggo Velika ta riga ta shiga lambun makaranta da butar ban ruwa, tana zagin katantanwa kamar ta san iyayensu. Ita ke dafa wa yaran ƙauyenmu Krushino abincin rana tun iyayensu na ɗalibai.

Da ɗan tallafin da wata ƙungiya ke ba makarantun ƙauye aka sayi shinge da tiyo. Iri kuwa ita ta bi gida gida tana roƙo. A nan, irin babban tumatirinmu mai zaƙi uwa ke ba 'yarta ranar aure, ba a ba bare. A hannun tsohuwa Penka kaɗai ya rage.

"Na 'yata Rada ne," in ji Penka. "Ba na 'ya'yan wasu ba."

"Radar da ke wanke-wanke a Sifen? Aika mata, 'yar'uwa, ta shuka a siminti."

"Bakinki dai, Velika, ya fi barkono!"

Amma Penka ta kwance ƙullin irin. Penka ba ta ga ɗiban fari ba; a hunturun shekarar muka binne ta.

Tumatir lokacin hutu yake nuna, makaranta a kulle. Goggo, ke ce kike zuwa cikin rana tsaka, gwiwa a kumbure, ba mai aike, ba mai godiya. Ke ce kike dafa shi ki ɗura a kwalabe, yara su samu na shafa wa burodi in ƙanƙara ta sauka.

Bana aka rufe makarantar. Yara sun yi kaɗan, an ce mota ta riƙa kai su gari. Lambu zai koma ciyawa, irin Penka ya bi ta kabari.

Goggo ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta matse tumatir mafi kyau a kan tsumma, ta shanya, ta yanka tsumman mai ɗauke da iri, ta danƙa wa kowane yaro, mace da namiji.

"Goggo, ai ni ba amarya ba ne," in ji wani yaro, Mitko.

"Rufe baki. Yau duk na aurar da ku."

Mun gode, uwar lambu. Ku kuma na sauran ƙauyuka masu riƙe da iri a ƙasan akwati kuna jiran 'ya'yan da ba za su dawo ba, ku ji kunya, ku kwance ƙulli. Har yanzu Goggo na zuwa da butarta. Ta ce tumatir bai san an rufe makaranta ba.