Akwatunan Yaya Munkaila

Yayana Munkaila mai walda ne a Suame Magazine, unguwar makanikai, kuma tun yana yaro ko lanƙwasasshiyar ƙusa ba ya iya zubarwa. Ɗaki ɗaya gare su a unguwar Alabar, shi da matarsa Kausara da 'ya'yansu. Bara ya ƙera akwatunan ƙarfe masu hawa kan juna, ya jera su har rufi. Kwanuka, zannuwa, takalma, duk suka shige. Kausara ta wanke simintin tas, tana murna za ta yi sujada goshinta bai bugi bokiti ba.

Da na je gaishe su, tun daga ƙofa warin baƙin mai ya tare ni. Injin wata tsohuwar motar haya ta trotro ne zaune daram a tsakiyar ɗakin, yana ɗiga dab da tukunyar tuwo.

Na ce, "Yaya, wannan ƙazantar fa?"

Ko kunya babu, ya ce, "Wuri ya samu, sai a bar shi a banza?"

Har yau Kausara a tsakar gida take salla, kusa da kwata.