Salwar Malam Dabo Ba Ta Miya Ba Ce

Kullum in ya idar da sallar asuba, Malam Dabo Ilu zai zuba shayi a fulas, ya tada tsohuwar motarsa mai tari, ya bar gidansa da ke garin Clinton ya nufi wata gona a bayan gari. A bakin rumfar katako zai tuɓe takalmi, ya zura kansa cikin wani ƙaton buhu da ya huda wa idanu, ya shiga a hankali. Ciki 'yan tsakin salwa ne, kowanne bai wuce babban yatsa ba, sun dunƙule ƙarƙashin fitila mai ɗumi. Zai sauya musu ruwa, ya zuba tsaba, ya fito bai ce uffan ba. Daga nan sai garin Laurel, inda yake gadin wani sito har yamma. Haka yake yi tun jikata Afnan tana goye, ga ta yanzu tana tuƙi tana amsa mini da Turanci.

Ni Hajiya Atine reno ne ya kawo ni ƙasar Turawan nan, gidan 'yata a garin Bowie. Bokona aji huɗu ne, amma Allah ya ba ni kunne, kuma ba na barin sa ya yi tsatsa. Da na ji gwiwar Malam Dabo ta ƙi, ya ajiye aiki zai koma Gumel, sai na ce bari in amayar da abin da na sani kafin ya hau jirgi.

Matarsa Furera jinyar tsofaffi take yi. Cikin waɗanda take kula da su akwai Martha, wata tsohuwa baƙar fata, mai wannan gona da iyayenta suka noma taba a cikinta. Martha ta taɓa gaya mata cewa da suna yara fiton salwa ke tashin su da safe, yanzu kuwa dajin ya yi tsit, kuma tana so ta sake jin sa kafin ta mutu. Furera ta kawo zancen gida a bakin tuwo, irin na hira kawai. Malam Dabo ya ajiye loma. Ya tuna gonar babansa bayan girbi, yadda tsuntsaye ke tashi fir daga ƙarƙashin kara in yaro ya taka kusa. Washegari ya je ya durƙusa ya gaida tsohuwar, ya yi mata alkawarin zai dawo mata da fiton salwa. Ya nemo izinin hukuma, ya sayo ƙwai da injin ƙyanƙyasa.

To amma fa kiwon kajin uwarsa kaɗai ya sani. Shekarar farko da sallama yake shiga rumfar, ya tambaye su kwana, ya yi musu kur-kur, su ci a tafin hannunsa. Ranar saki ya gayyace mu, muka je da leshi da kulolin shinkafa kamar suna. Aka buɗe ƙofa, tsuntsaye suka fito, suka dubi dajin, suka juyo suka taru a ƙafarsa. Ɗaya har ta hau hularsa. Muka rangaɗa guɗa, muka ce ai tsuntsu ma ya san mutumin kirki. Martha ce kaɗai ba ta yi dariya ba.

Ashe salwar da ba ta tsoron mutum ba ta tsoron shaho. Kafin sanyi ya shigo, sai gashin tsuntsayen kawai a cikin ciyawa. Furera ta gaya mini, ba tambayarta na yi ba, zama kawai na gyara, wai ya tsince gashin ya cika aljihu, ya zauna a mota ya ƙi fitowa. Da ta matsa masa sai ya ce, "Ni na kashe su da gaisuwa, Furera."

Daga nan buhu ya samo asali. Wanda ya san Malam Dabo ya san girman wannan horo. Mutumin da in ya tare ka a masallacin Juma'a zai gaida ka, ya gaida iyalinka, ya tambayi akuyar da ka baro a gida, shi ne ya koyi rufe baki don kada abin da yake ƙauna ya saba da shi.

Malam Dabo, kai ne ka riƙa fita cikin ƙanƙara don duba ko fitila ta mutu. Kai ne ka dasa ƙaya da ƙananan itatuwa a gefen gona don su sami maɓoya, ka yi ta roƙon mai yankan ciyawa da ɗan Turancinka har ya bar musu kusurwa. Dabo na Furera, mai rainon da ba ya jiran a ce na gode.

Shekarar da aka yi yayin ƙwan salwa kuwa, wai yana maganin suga da hawan jini har da abin da ba a faɗa gaban yara, sai ga manyan motoci a ƙofar gidansa. Bai ba kowa ko ɗaya ba. Ni da kaina na je na ce ko biyu ya ba ni in jefa a miya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, ki gafarce ni, waɗannan ba na miya ba ne, na daji ne." Aka sa masa Sarkin Rowa, wani ma ya yi suna bai gayyace shi ba. Amma da ƙarshen mako sai ga shi da ƙwan salwa na kantin 'yan Koriya, ya ajiye mini a ƙofa.

Shekaru suka yi ta tafiya. Yana saki, kowace da ɗan zobe a ƙafa, hunturu yana cinyewa. Martha ta koma keken guragu, ji ya fara raguwa. Furera ta ce tsohuwar ta daina tambaya, don kada ta ba shi kunya, shi kuma ya daina haɗa ido da ita.

Wata safiya da bazara Furera ta biyo ta ɗauke ni, ta ce in zo in ga abu. Muka tarar da Martha a baranda ta dafe kunne, can cikin ciyawa ana fito, sau biyu gajere, na uku ya ja sama. Muna tsaye sai ga uwa ta ratso hanya da zugar 'yan tsaki a bayanta, babu mai zobe, har uwar. A daji aka ƙyanƙyashe su. Malam Dabo yana tahowa daga mota, ba buhu, murna ta sa ya manta ya yi musu sallama. Uwar ta yi fir, yaran suka ɓace kamar ƙasa ta haɗiye su.

Ya zauna daɓas a kan ciyawa yana dariya, hawaye na bin gemu. "Hajiya, kin gani? Ba su san ni ba."

Martha ta faɗi wani abu da ban kama ba. Furera ta ce wai cewa ta yi yanzu saura ƙamshin kofin da babanta ke dafawa da safe.

Malam Dabo, mun gode. Ka cika wa tsohuwa alkawari tun tana da kunnen ji, a ƙasar da ba taka ba. Allah ya kai ka Gumel lafiya, ya ba gwiwa sauƙi, ya haɗa ka da masu amsa gaisuwa har ka gaji.

Ku kuma likitocinmu da injiniyoyinmu, Constance 'yar ƙanen Martha ta karɓi rumfar, tana neman masu taya ta ranar Asabar. Ku je a gwada ku. Ni na riga kowa miƙa kaina, amma Constance ta tambayi Furera halina, aka ce rumfar ba ta son surutu, in yi zamana a gida in taya su da addu'a.