Zare a Kafar Allura

Mai ba da magani a asibitin ido bai taɓa ganin matar nan ba tabarau ba. Mako shida tana zuwa karɓar maganin ɗigawa, kai a sunkuye, tana gudun haske, saboda kumburin da ya kama shimfiɗar tsakiya ta idonta, mai jijiyoyin jinin da ke ciyar da idon.

Yau ga ta fuska a buɗe. Gajeriya ce, babban yatsanta ya yi kanta, guntayen zare maƙale a mayafinta. Tela ce, ya ce a ransa, kuma keken ɗinkinta ya sha ƙura.

"Takardar likita ta ce kumburin ya kwanta, Mama."

"Haruffa ya sa ni karantawa, ɗana. Ni da haruffa nake cin abinci?"

Sai ta zaro allura daga bakin zaninta, ta lashi zare, ta nufi tagar da ta saba juya wa baya. Karon farko zaren ya kauce. Na biyu ya shige.

Ta ɗaga allurar, 'yan layi suna kallo, ta juyo gare shi.

"Kai, maɓallin rigarka yana lilo. Matso nan."