Salkar da Ke Ƙarƙashin Kaya

A gidan hayar da muka tashi a unguwar Adjamé, bayan siliman Roxy, wutar tatsuniyarmu ta murhun gawayi ce. Da an idar da magariba, kakarmu Inna Hajo takan jera ayaba a kan waya, mu kuma mu kewaye ta. In direba ya danna oda a titi sai ta dakata, ta harari katanga, ta ci gaba.

Daga Ƙonni ta zo, wai za ta ga sabon jika ta koma. Jikan ni ne, kuma har na yi gemu tana nan.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wani falke ce. Don kada abokan tafiya su sha masa ruwa, sai ya cusa salkarsa can ƙasan kayan raƙumi, ya ɗora gishiri, ya ɗora fatu, ya ɗaure tamau. Ƙishi ya kama shi a hanya, ya ce bari a kai zango. A zango ya ga dabino da araha, ya ƙara a sama. Haka ya yi ta yi har ya faɗi cikin rairayi, yana jin motsin ruwan a salka.

Mukan kwashe da dariyar wawan falke. Ita kam ko murmushi.

"Ku yi ta dariya, ɗiyana," takan ce. "Bai manta da ruwan ba hwa. Kullum sai shi ce gobe."

Yanzu aikina shirya kayan kwantena ne a Treichville, kusa da tashar jiragen ruwa. Nakan ba manhajar kwamfuta tsawo da nauyin kowane kwali, ita kuma ta zana mini yadda za a jera su a kan falet, wato katakon ɗora kaya, da gurbin da kowanne zai zauna. Ba ta barin fili ko na tafin hannu. Abu ɗaya ne ba ta iya yanke wa kanta: me za a fara saukewa? Wanda ya fara shiga shi ne ƙarshen fita. In ban gaya mata ba, sai ta tura kayan gaggawa can ƙurya, don kawai sun dace da wurin.

Da Inna ta rasu, muka sauke akwatunanta da suka kusa taɓa rufi. Kayan sana'a, kwanonin aurar da jikoki, tarkace iri-iri. A na ƙasa muka tarar da sabon zane, takalmin tafiya, da tsarabar da ta tanadar wa 'yan'uwanta, waɗanda duk sun riga ta rasuwa. Ranar na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Jiya 'yata Ramatu ta same ni a gida ina jera falet a kwamfuta. Ta ce, "Papa, Ƙonnin nan da kake cewa za mu, c'est quand? Yaushe ne?"

Har na buɗe baki zan ce baɗi, kamar yadda na ce bara. Sai na tashi na fara sauke kwalayen da ke kan jakar tafiyata.